Haƙoran roba na zamanin kwamfuta: ina ribar ɗan kasuwa a ciki?

Ƴan uwa masu karatu, musamman iyayenmu mata da ke kasuwanni da alhazan da ke zaman rumfa, yau maganar haƙori za mu yi. A watan Nuwamba na shekarar 2024, Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta tara wakilan ƙasashe fiye da 100 a birnin Bankok na ƙasar Tailan, a babban taro na farko da aka taɓa yi a kan lafiyar baki kaɗai. Burin da ƙasashen suka sa gaba shi ne, kafin shekarar 2030, mutum 80 cikin 100 na al'ummar duniya su sami damar a duba masu baki da haƙori a cikin tsarin kiwon lafiya na kowa da kowa.

Dalilin wannan taro a fili yake. Rahoton da hukumar ta fitar a 2022 ya nuna cewa wajen mutum biliyan 3 da rabi ne ke fama da ciwon baki ko na haƙori, kuma wajen miliyan 350 daga cikinsu ba su da ko haƙori guda a baki. A cikin waɗanda suka kai shekara 60, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ya zubar da haƙoransa duka. A nahiyarmu ta Afirka kuwa, hukumar ta ce mutum 44 cikin 100 ne abin ya shafa.

A daidai wannan lokaci ne kuma sana'ar ƙera haƙoran roba take sauya kama a duniya. Aikin da aka saba yi da hannu, da kaki da wuta, yanzu kwamfuta ce ke zana shi, inji ya fitar. Abin tambaya a nan shi ne, wannan sauyi me zai ƙara wa mai sayar da tumatir a Maraɗi, ko mai sayar da atamfa a kasuwar Dole ta Damagaram, wadda giɓi ya hana ta cin nama, ya hana ta sakin dariya a gaban masu ciniki?

Wane ne maƙerin haƙori?

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka likitan haƙori shi ne ke yin komai. Ba haka abin yake ba. Likita shi ke duba baki, ya yi magani, ya cire abin da ya lalace, ya ɗauki awo. Amma wanda ke zama a wani ɗaki na baya yana ƙera haƙorin, wani mai sana'a ne daban, wanda da Faransanci ake ce masa protezis, mu kuwa sai mu kira shi maƙerin haƙori. Sau da yawa majinyaci ba ya ko ganin fuskarsa, alhali aikin hannunsa ne zai shekara biyar ko goma a cikin bakinsa.

Mata sun fi kowa gane wannan rabon aiki. Wani ne ke ɗaukar awo, tela ne ke ɗinki. In awo ya karkace, ko tela gwani ne riga ba za ta zauna ba. In kuma tela ɗan koyo ne, awo mai kyau ba zai hana shi ɓata shadda ba. Bambancin kawai shi ne, riga in ta matse ana iya ajiye ta a akwati, amma haƙorin da ya matse gyambo yake yi a dasashi.

Tun wajen shekarar 1937 aka fara ƙera haƙoran da wata irin roba mai tauri da ake kira akirilik, kuma har yanzu ita ce mafi yawan mutane ke sawa. Ga wanda ba shi da haƙori ko ɗaya, hanyar da aka saba takan ɗauki zuwa biyar. Zuwan farko a ɗauki awon baki da wani kwaɓi mai laushi, a zuba masa farin siminti irin na ɗaurin karaya, a sami siffar dasashi. Na biyu a sake ɗaukar awo mafi daidaito. Na uku a gwada yadda muƙamuƙin sama da na ƙasa ke haɗuwa. Na huɗu a jera haƙoran a kan kaki, majinyaci ya gwada, ya dubi madubi. Na biyar ne ake miƙa masa kammalallen aiki, bayan maƙeri ya narkar da kakin, ya cusa robar a gurbinsa, ya dafa ta na sa'o'i, ya goge. Bayan wannan ma akan koma sau ɗaya ko biyu don a kankare inda ke ciwo.

Abin da kwamfuta ta sauya

Tunanin shigar da kwamfuta cikin wannan aiki ba na jiya ba ne. Wani likitan haƙori Bafaranshe mai suna Faransuwa Dure ne ya fara rubutu a kai tun farkon shekarun 1970. A 1985 masu bincike a jami'ar Zurik ta ƙasar Suwis suka yi wa majinyaci cikon haƙori na farko da inji ya sassaƙa, da na'urar da ake kira CEREC. Cikakkun haƙoran baki ɗaya kuwa sun makara. Sai wajen 2011 kamfanoni irin su AvaDent a Amurka suka fara sayar da su, sannan a 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ruwan robar kamfanin Dentca, wanda inji ke gina mazaunin haƙora da shi.

Ga yadda aikin ke tafiya. Akwai wata na'ura mai kama da babban burushin goge baki, a bakinta akwai ƙaramar kyamara. Ana zagaya ta cikin baki, ta ɗauki dubban hotuna, kwamfuta ta haɗa su su zama taswirar baki mai tsawo da faɗi da zurfi. Maƙeri sai ya zauna gaban allo ya jera haƙoran a kan wannan taswira, ya zaɓi girma da launi, ya duba yadda na sama da na ƙasa za su haɗu. In ya gama, hanya biyu ce. Ko dai a ba injin sassaƙa wani dunƙulen roba mai kamar faifai ya fafe haƙoran daga cikinsa, kamar yadda masassaƙi ke fitar da turmi daga kututture. Ko kuma a ba injin gini, wanda ke ɗora ruwan roba hawa-hawa, haske yana daskarar da kowane hawa, har abin ya tashi, kamar mai ginin tukunya.

Kowace hanya da halinta. Wanda aka sassaƙa ya fi ƙarfi kuma ya fi zama daidai a baki, domin dunƙulen ya riga ya gama daskarewa tun daga masana'anta, ba ya tsukewa kamar wanda aka dafa da hannu. Amma injinsa ya fi tsada, kuma roba mai yawa ke tafiya a ɓarɓashi. Wanda aka gina ya fi araha, ana iya fitar da na mutane da yawa a zubi ɗaya, sai dai bai kai na sassaƙa ƙarko ba, kuma launinsa ya fi saurin sauyawa, abin da masu cin goro da shan shayi ya kamata su sani.

Lissafin ɗan kasuwa

Babbar ribar wannan fasaha a wurinmu ita ce rage zirga-zirga. Zuwa biyar na iya komawa biyu ko uku. Ga mutumin birnin Paris wannan sauƙi ne kawai, amma ga mutumin ƙasarmu kuɗi ne tsaba. Likitocin haƙori a Nijar ƙalilan ne, kuma mafi yawansu suna Yamai da manyan biranen jihohi. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, daga Damagaram wajen 900. Ko daga Dakwaro ko Tasawa zuwa Maraɗi tafiya ce ta fiye da kilomita 100.

A ɗauki mace mai sayar da daddawa da busasshen yaji a kasuwannin ƙauye. Kowane zuwa asibiti yana nufin kuɗin mota zuwa da komawa, da na ɗan rakiya, da abinci, wani lokaci da kwana. A kan wannan kuma a ɗora cinikin ranar da aka rasa, wanda in ya faɗo ranar kasuwa asarar mako ce guda. In aka ninka wannan sau biyar, kuɗin hanya na iya gogayya da kuɗin haƙorin kansa. Shi ya sa mutane da yawa ke farawa su bari a tsakiya, ko kuma su haƙura da giɓinsu tun farko.

Riba ta biyu ita ce, taswirar baki tana tafiya ta intanet kamar yadda hoton kaya ke tafiya ta WhatsApp. Tuni likitoci a Turai da Amurka ke aika irin wannan taswira zuwa manyan ɗakunan ƙira a kudancin ƙasar Sin, a ƙera a aiko masu. In har taswira na iya tashi daga Faransa zuwa Sin, to tana iya tashi daga Tawa zuwa Yamai, ko daga Magarya zuwa Damagaram, a ƙera haƙorin a can, a sa shi a motar bas ya iso kamar kowane saƙo. Majinyaci yana zaune a garinsu.

Riba ta uku, taswirar tana nan a ajiye. Wanda haƙorinsa ya faɗi ya karye, ko ya ɓace a tafiya, ana iya fitar masa da wani ba sai an koma farko ba. Amma fa akwai iyaka. Bayan an cire haƙori, ƙashin muƙamuƙi yakan riƙa zaizayewa, da sauri a watannin farko, sannan a hankali har ƙarshen rayuwa, musamman na ƙasa. Taswirar da aka ɗauka shekara biyar da suka wuce ta bakin wancan lokaci ce. Dole a sake dubawa.

Inda gizo ke saƙa

Matsala ta farko jari ne. Na'urar ɗaukar taswira kaɗai miliyoyin sefa take ci, injin sassaƙa kuwa ya ninka ta. Wasu manhajojin zanen ma kowace shekara sai an biya kuɗin lasisi, da kuɗin waje. Duk ɗan kasuwa ya san cewa wanda ya zuba irin wannan jari, a kan mai saye zai fanshe. Inji ba zai sauko da farashi ba sai in yana aiki kullum, yana fitar da haƙora da yawa. Injin da ke yi wa mutum uku aiki a mako tsada zai ƙara.

Ta biyu wuta ce. Ba mu manta ba, a watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda a lokacin ita ce wajen kashi 70 cikin 100 na abin da NIGELEC ke rabawa, sai a 2024 aka maido ta. Tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30, da ta fara aiki a 2023, ta taimaka wa Yamai, amma kowa ya san yadda wuta ke yi mana a watannin zafi. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar gini, aikin na iya lalacewa, roba ta tafi a banza. Injin gini ƙarami ba ya cin wuta mai yawa, faifan hasken rana da batura za su iya riƙe shi. Injin sassaƙa kuwa yana son wuta tsayayya da injin iska.

Ta uku zafi da ƙura. Ruwan robar nan yana da ranar lalacewa kamar magani, ba ya son rana, ba ya son zafi. Kwalbar da ta yi makonni a bayan babbar mota a watan Afirilu ba lalle ta iso da lafiyarta ba. Tun rufe iyakar Binin a 2023 kuma, kaya da yawa sun koma biyowa ta tashar Lome su ratso Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya ƙaru. In kuma inji ya tsaya, sai a nemo mai gyara da kayan gyara daga wata ƙasa.

Ta huɗu ita ce mafi girma, wato gwani. Na'urar ɗaukar taswira ta ƙware wajen ɗaukar haƙori, domin haƙori abu ne mai tauri da ba ya motsi. Amma bakin da babu haƙori ko ɗaya nama ne mai laushi, yana motsi da harshe da kumatu, kuma a gefen wannan nama ne haƙoran roba ke kamawa. Saboda haka har a ƙasashen da suka ci gaba, likitoci da yawa da kwaɓi suke ɗaukar awo tukuna, sannan a ɗauki hoton awon a sa a kwamfuta. Haka kuma kwamfuta ba ta san fuskar Hajiya ba. Maƙerin da ya koyi jera haƙori da hannu, ya san inda leɓe ke sauka da yadda muƙamuƙi ke juyawa, shi ne zai iya zana mai kyau a allo. Wanda bai koya ba, inji zai taimake shi ne kawai ya fitar da mummunan aiki da sauri. Kuma abin da injin gini ya fitar sai an wanke shi da sinadari, an gasa shi a akwatin haske har ya nuna. In aka yi gaggawa, ɗanyar robar da ta rage tana ƙona baki.

Masu sa haƙori a bakin kasuwa

Inda asibiti ya yi nisa, wani ne ke cike gurbin. Kowa ya san masu shimfiɗa tabarma ranar kasuwa da kwalabe da haƙora a faranti, suna cirewa suna sawa nan take. Araha ce ke kai mutane wurinsu, amma masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Wasu sukan kwaɓa roba su liƙa ta kai tsaye a jikin haƙoran da ke gefe, ko su ɗaure da waya, yadda ba za ta ciru a wanke ba. Abinci ya taru a ƙarƙashi, dasashi ya kumbura, baki ya yi wari, a ƙarshe haƙoran ƙwarai da aka jingina da su su ma su girgiɗe. Ƙarfen da aka sa a bakin wannan aka sa a na wancan ba tare da an dafa shi ba kuwa, hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta, wanda ya yawaita a yankinmu. Likitocin maƙogwaro a Najeriya sun sha ba da rahoton mutanen da suka haɗiye ƙaramin haƙorin roba mai sako-sako ya maƙale masu a hanyar abinci, har sai da aka yi aiki, kuma robar ba ta cika fitowa a hoton rediyo ba.

Ko haƙorin Makka da alhazai ke ado da shi, aikin maƙeri ne. In hular ba ta zauna daram ba, abinci na shiga ƙarƙashinta, haƙorin ya ruɓe a ɓoye, mai shi bai sani ba sai ciwo ya tashi.

Abin tsoro shi ne injin gini yana ta araha a kasuwannin Dubai da Sin, inda ƴan kasuwarmu ke zuwa sarin kaya. Ranar da zai faɗa hannun wanda bai koyi aikin ba, ya rubuta “na kwamfuta” a allon shagonsa, ba ta da nisa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a fara da mutum kafin inji. Maƙwabtanmu sun daɗe da ɗaukar wannan a matsayin sana'a mai makaranta. Najeriya na da makarantar tarayya ta koyon ƙirar haƙori a Inugu, da hukuma ta musamman mai rijistar masu aikin. A Dakar ma ana horar da su. Matasanmu masu bakaloriya da ke zaune ba aiki, waɗanda wayar salula ta riga ta saba masu da allo, za su iya koyon wannan aiki cikin ƴan shekaru in an buɗe masu hanya da tallafin karatu.

Na biyu, kada kowane asibiti ya ce sai ya sayi injinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗakin ƙira ɗaya mai cikakkun kaya da hasken rana, a Maraɗi ko Damagaram, zai iya yi wa asibitocin gundumomi da yawa aiki, su ɗauki awo su aiko, shi ya ƙera ya mayar. Ta haka ne inji zai yi aiki kullum, farashi ya sauko. Alhazan da ke neman inda za su zuba jari, ga wuri, da sharaɗin su haɗa kai da likita da maƙeri mai takarda.

Na uku, hukuma ta sa ido a kan robar da ke shigowa kamar yadda take sa ido a kan magani, domin abu ne da ke kwana a jikin mutum. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta. Ya dace a liƙa farashin aikin haƙori a fili a ƙofar kowane ɗakin likita, kowa ya gani kafin ya zauna a kujera.

Kafin ki biya, Hajiya

Ke da ba kya sayen atamfa sai kin murza ta, kada ki karɓi haƙori ido rufe. Ki tabbata likita ne ya duba bakinki, ya yi maganin dasashi da ruɓaɓɓun haƙora tukuna. Ki tambayi wanda zai ƙera, da irin robar, da ko za a ba ki na gwaji ki ga kanki a madubi kafin a kammala. Ki tambayi sau nawa za ki zo, kuma gyaran bayan an sa yana cikin kuɗin ko daban ne. In an ce na kwamfuta ne, ki ce a ajiye maki taswirarki, kuma a faɗa maki nawa za ki biya in ya karye. Alhaji, kai ma haka.

In kin karɓa, ki cire shi da dare, ki wanke da sabulu da burushi mai laushi, ki ajiye cikin ruwa mai sanyi. Kada ki zuba masa tafasasshen ruwa, yana lanƙwasa shi. In ya fara rawa a baki, ko ya yi maki gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba, ki koma wurin likita, kada ki liƙa shi da gam na kasuwa.

Fasahar nan za ta iso mu ko mun shirya ko ba mu shirya ba, kamar yadda salula ta iso. In ta tarar da horarrun maƙera da doka, za ta rage wa talaka tafiya da kashe kuɗi. In ta tarar da fili babu mai tsaro, ƴan damfara ne za su fara cin moriyarta. Kafin nan dai, haƙorin da Allah ya halitta ya fi kowane na roba, domin ko mafi kyawun haƙoran roba ba ya taunawa kamar na asali. A rage sukari a shayi, a rage wa yara alawa da lemun kwalba, a riƙe asuwaki da man goge baki safe da dare. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.